Gardamar Madugu Na Biyu

Gilashin wayarta ta portable ne ya tsage, shi ya kai Zuwaira butik ɗin Nomau wata Asabar bayan la'asar.

Butik ɗin na bayan kasuwa, ƙofa ɗaya amma ɗaki biyu. A gaba Nomau ke gyaran waya, a ciki kuma akwai tele uku da bencina inda samari ke wasan bidiyo. Ranar wurin ya cika maƙil, don kwana huɗu ke nan da fitowar Madugu Na Biyu.

Wasan Madugu wasu matasa ne suka ƙirƙiro shi a Yamai shekara uku baya. Kai ne jagoran ayari, ka tashi daga Agadas da raƙuma, ka ratsa hamadar Tenere har Fachi, ka dawo da gishiri da dabino ba tare da ka rasa dabba ba. Ƴan Agadas sun ɗauke shi kamar nasu, shi ya sa da kashi na biyu ya fito gardama ta kaure a kowace fadar samari.

Nomau na tsaye tsakanin ɗakunan biyu da ɗan turnabis na kwance kusoshin waya a hannu, ya manta da aikin da ke kan teburinsa.

"Ku dubi yashin nan don Allah," yake cewa. "Ku dubi inuwar raƙumi yadda take miƙewa in rana ta yi yamma. Na farko raƙumansa kamar an yanko su daga kwali. Yanzu mutum huɗu na iya tsere lokaci guda, wani a Arlit wani a Damagaram. Duk wanda ya ce na farko ya fi, bai iya na biyu ba ne."

"Na ƙare shi jiya," in ji wata murya daga bakin ƙofa. "Kuma na farko ya fi."

Samarin suka waiwayo. Nomau ya juya, ya ga wata budurwa doguwa da shuɗin mayafi, jakar malaman lakwal, wato makaranta, a kafaɗarta, ƙawarta na bayanta tana jan gefen rigarta don ta yi shiru.

"Kin ƙare shi? Cikin kwana uku?"

"Mi ke da wuya? A na farko sai ka dubi taurari kafin ka san gabas, sai ka auna ko ruwan salka zai kai ka rijiya. A na biyu an sa maka jar kibiya a saman ekran ɗin tele, bi nan, bi can. Wannan madugu ne ko direban taksi?"

Samarin suka fashe da dariya. Nomau ma ya yi, duk da shi aka kayar.

"Kibiyar don sababbin ƴan wasa ce, Madam. Mutane nawa suka jefar da na farko saboda sun ɓace a rairayi sau goma?"

"Ɓatan shi ne wasan. Kuma akwai wani tudu kafin a shiga Fachi, raƙumi na maƙalewa a ciki ya ƙi motsi. Sau biyu ya yi mini."

"Wannan hannu ne, ba wasa ba."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ajiye portable ɗin a teburinsa.

"To Metir, lauyan wasa. In ka gama kare shi, ga gilashina."

Gyaran minti ashirin ne, amma sai da ya kai kusan awa. A cikinta ya san sunanta Zuwaira, tana koyar da lissafi a wani kolej, gidansu na tsohon gari ba nisa da hasumiyar masallaci, ƙawar tata kuma Kadidia. Kafin ta tafi ya roƙi lambarta, wai don ya sa ta a grup ɗin ƴan wasa.

"Grup kawai?" Kadidia ta tambaya, tana danne dariya.

"Grup kawai," ya ce, kunnuwansa na zafi.

Bayan magariba saƙonsa na farko ya shigo, kuma ba ta grup ba.

"Salam Madam. Na kashe kibiyar na gwada. Na ɓace sau uku. Amma yashin ya yi kyau ko a ɓace."

Ta amsa: "Ka nemi Kaza da Ƴaƴanta a sama, ka bi su. Bonne chance, Metir."

"Wa ya koya miki taurari?"

"Babana. Ya bi ayari shekara goma sha ɗaya kafin ya zauna kasuwa."

"Ashe da uwar ayari nake gardama. Na shiga uku."

Ta karanta wannan sau biyu tana murmushi ita kaɗai.

Daga nan gardamar ba ta tsaya ba. Da safe kafin ta shiga aji sai ta tarar ya aiko mata hoton faɗuwar rana daga cikin wasan, da rubutu a ƙasa: "Na farko na iya wannan?" Ita kuma ta mayar masa da cewa kiɗan na biyu ya yi yawa, mutum ba ya jin takun raƙumi. Ya yarda da wannan. Ita ma ta yarda cewa kasuwar Fachi ta na biyu ta fi rai, har ana jin mata na cinikin dabino da gero. Sauran duk suka ci gaba da ja.

Ba su san ranar da hirar ta bar raƙuma ba. Ya ba ta labarin mahaifinsa da ya zo daga Maradi da fataucin atamfa ya zauna Agadas, da yadda shi ya koyi gyara ta hanyar lalata rediyon gidansu. Ta ba shi labarin ɗalibarta da ke kuka in an ambaci lissafi, yanzu kuma ita ce ta uku a aji.

Wata Juma'a ya rubuto: "Uwar ayarina, akwai abin da ba na so mu yi gardama a kansa. Ina son ki. Ina so in zo gida."

Zuwaira ta ajiye wayar, ta zagaya tsakar gida, ta dawo ta ɗauka.

"Wannan karon ba ni da ja, Metir. Ka zo Lahadi."

Ya zo da lemun Timia cikin leda da sabuwar riga mai sauran karin guga. Mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta leƙo ta gan shi, ya kwanta mata a rai. Mahaifinta ne, Malam Illiya mai gishiri, ya amsa gaisuwarsa da gajeren "lahiya lau", ya wuce ciki.

Da Nomau ya tafi, Malam Illiya ya kira ɗiyarsa.

"Mi ne ne aikinsa?"

"Gyaran waya, Baba."

"An ce mini gidan wasa gare shi. Ƙattai su zauna gaban tele suna danne-danne tun hantsi."

"Da la'asar yake buɗe ɗakin wasan, Baba. Kuma yana rufewa lokacin salla."

"Zuwaira, ban hana ki lakwal ba, ban hana ki aiki ba, kuma ba zan zaɓa miki miji ba. Amma ban ga yadda zan ba da ɗiyata ga mutumin da sana'arsa wasa ce ba. Ga Karim nan ɗan abokina, kamiyonsa, manyan motoci biyu, na ɗaukar albasar Tabelot. Ki dai duba."

Karim ba baƙo ba ne. Yana cikin grup ɗin ƴan wasa, kuma tun da ya gane Zuwaira na ciki ya koma goyon bayan Madugu na farko, bayan shi ne ya fi kowa yabon na biyu a satin da ya fito. Duk abin da ta rubuta sai ya sa a ƙasa: "Vraiment, gaskiyarki." Abin na gundurarta.

"Mutum ko sau ɗaya bai taɓa ce mini na yi kuskure ba," ta faɗa wa Kadidia. "Da wa zan yi hira?"

Ana cikin haka aka shirya gasar Madugu Na Biyu a gidan matasa. Mutum talatin da biyu suka sa suna, mace ɗaya. Zuwaira ta nemi izinin mahaifiyarta, ta zo da Kadidia da rabin ƴan ajinta. Ta fitar da mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da Karim, wanda ya ɓace tun kafin rijiyar farko duk da kibiyar. A ɗaya ɓangaren Nomau ma bai bar kowa ba. Da aka kira final, wasan ƙarshe, su biyu ne.

Ɗakin ya ɗauki zafi. Ƴan mata na kiran "Madam, Madam", samarin butik na buga benci. Aka ba kowa manet, abin dannawa na wasan, ayari biyu suka tashi a babban ekran.

Nomau ne a gaba tun daga farko. Ya bi gajeriyar hanya, ya wuce ta da tazarar da kowa ya ce an gama. Sai da dabinon Fachi suka bayyana daga nesa, raƙuminsa na gaba ya hau wani tudu ya tsaya cak. Ayarin duka ya tsaya a bayansa. Zuwaira ta zagayo ta gefe, ta wuce, ta shiga gari.

Ihu ya tashi. Kadidia ta rungume ta, ɗalibanta suka yi ta tsalle. Nomau ya ajiye manet, ya yi mata barka da murmushin da bai kai ido ba.

A bakin ƙofa Karim ya tare ta.

"Barka, Zuwaira. Ya kyauta miki ƙwarai."

"Wa ya kyauta mini?"

"Nomau mana. Kowa ya ga ya saki manet. Ai haka ake neman aure, a bar mace ta ci don ta ji daɗi. Samarin can har dariya suke yi."

Murnar ta zube mata nan take. Ta waiwaya, ta ga wasu samari biyu na magana suna kallonta. Wataƙila ba ita suke nufi ba, amma ta riga ta ji.

Da ta isa gida ta rubuta: "Da gangan ka tsaya?"

Nomau ya daɗe yana kallon saƙon. Wata biyu yana rantsuwa a gaban kowa cewa wasan ba shi da wannan aibin, har ya ce mata hannunta ne. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da ya aika shi ne: "Kin ci, shi ke nan. Mu bar maganar."

"A gaban ɗalibaina ka mai da ni abin tausayi. Da ka kayar da ni da ya fi mini. Kada ka ƙara rubuto mini."

Ta fita daga grup ɗin, ta rufe lambarsa.

Kwana shida gidan Malam Illiya babu dariyarta. Takan dawo daga lakwal ta gyara takardun ɗalibai, ta ci abinci kaɗan, ta shiga ɗaki. Karim ya zo sau biyu da mota, ta ce kanta na ciwo. Inna Tabawa ce ta gaji, ta zaunar da mijinta ta ba shi labari tun daga farko.

"Ka ce ba ka son yaron, to ga shi ta bar shi. Ka ga ta yi kama da wadda ta huta?"

Malam Illiya ya tashi ya fita. Washegari da hantsi ya bar rumfarsa a hannun maƙwabci, ya nufi bayan kasuwa da niyyar ya ja wa Nomau kunne ya fita harkar ɗiyarsa.

Ya tarar da mata uku na jiran wayoyinsu, Nomau na duƙe kan wata da gilashin ido. Sai da Nomau ya sallame su duka, har da wata tsohuwa da ya nuna wa yadda za ta kira ɗanta sau uku ba tare da ya ƙosa ba, sannan ya ɗaga kai ya ga wanda ke tsaye. Ya zabura ya durƙusa.

"Baba, ku shigo. Ku zauna."

Kujera mai kyau ɗaya ce, kuma tana ɗakin ciki gaban tele. A ekran wani raƙumi na tsaye kan tudu, ƙafafunsa sun nutse, yana ta rawar jiki a wuri ɗaya.

"Mi ya sami wanga?" Malam Illiya ya tambaya.

"Kuskuren masu wasan ne, Baba. In aka hau tudun ta hagu da kaya cike, sai ya maƙale. Zuwaira ta faɗa mini tun ranar farko, na ƙaryata ta. Ranar gasa ya same ni, kunya ta hana ni faɗi. Kwana shida nake neman daidai wurin don in ɗauka in nuna, sai jiya na same shi."

Dattijon ya matso da kujera.

"Wa ya ɗaura wa raƙumin nan kaya haka? Wa ke kai gishiri Fachi? Kuma kantun ba a naɗe shi da tabarma ba? Kafin zango biyu ya zama gari."

"A na farko ana naɗewa, Baba."

"Nuna mini na farkon."

Nomau ya kunna. Malam Illiya ya ga ana sauke dammunan ciyawa a hanya don raƙuma su ci a dawowa, ya gyaɗa kai.

"Wanda ya yi wanga ya tambayi mutane. Haka muke yi. Wanda bai bar ciyawa a baya ba, ƙasusuwan dabbobinsa zai bari." Ya nuna ɗayan telen. "Amma sararin sama na wancan ya fi gaskiya. Haka taurari ke sauka har ƙasa in ka wuce rijiya. Kuma iskar, haka take shan kan tudu. Na farko yashinsa ya yi tsafta da yawa."

"Abin da nake faɗa mata ke nan, Baba."

"Ita kuma ta faɗa maka na raƙumin, ba ka ji ba."

Nomau ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarku ne."

Har aka kira azahar suna nan. Nomau ya rufe butik, suka tafi masallaci tare. A hanya Malam Illiya ya yi masa tambayoyi game da iyayensa da wanda ya koya masa aiki. Bai ce ya yarda ba, bai kuma faɗi abin da ya kawo shi ba. A kwanakin da suka biyo ya yi nasa binciken wurin limamin unguwarsu Nomau da maƙwabtan butik.

A yammacin ranar da ya je butik, Kadidia ta shigo gidan da sauri, mayafinta na zamewa, ta miƙa wa Zuwaira wayarta.

"Karanta. A grup ya sa, gaban kowa."

Bidiyo ne na raƙumin yana maƙalewa sau biyar a wuri guda, sai rubutu a ƙasa:

"Jama'a, na ce Madugu Na Biyu ba shi da aibi, ƙarya na yi. Ga tudun da Madam Zuwaira ta faɗa tun satin farko. Shi ya kama ni a final, ban saki manet ba. Ita ta san wurin ta kauce masa, ni girman kai ya kai ni ciki. Ta ci da saninta. Na aika wa masu wasan su gyara. Ina neman gafararta."

Ƙasa da shi samari sun yi ta sa dariya, wasu na cewa su ma ya taɓa kama su. Karim bai rubuta komai ba, kuma daga ranar motarsa ba ta sake tsayawa ƙofar gidan ba.

Zuwaira ta buɗe lambarsa.

"Metir, ka faɗi shari'a."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Na faɗi, uwar ayarina. Kwana shida ban ji daɗin shayi ba. Kin yafe?"

"Sai mun sake. Kuma in ka raga mini, wallahi na sani."

Suka sake ranar Asabar a butik, Kadidia ce alƙali, kowa ya kauce wa tudun. Nomau ya yi wasa har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta riga shi shiga Fachi da tsawon raƙumi ɗaya. Ya ajiye manet ya fita waje, ya yi fushi na gaske har bayan la'asar, yana cewa manet ɗinsa ce ta tsufa. Zuwaira ta ce wa Kadidia ba ta taɓa ganin abin da ya yi mata daɗi kamar wannan fushin ba.

Sati biyu bayan haka Malam Illiya ya kira ta bayan ya karya kumallo.

"Na tambaya, ban ji abin ƙi ba. Sana'a gare shi, kuma in an gyara masa yana ji, ko da ya makara. Ki ce ya turo manyansa."

Ta durƙusa ta yi godiya. Inna Tabawa ce ta rangaɗa guɗa daga madafa.

An ɗaura aure wata Asabar da safe a ƙofar gidan Malam Illiya. Dangin Nomau sun zo daga Maradi cike da bas, ƴan uwan Inna Tabawa sun sauko daga Dabaga da kwandunan kayan lambu, ƴan grup kuma suka zo cikin shadda iri ɗaya, har ana raba goro da dabino, biyu daga cikinsu na gardama ƙasa-ƙasa kan ko za a yi Madugu na uku.

Zuwaira na ɗaki, hannuwanta sun yi jawur da lalle, Kadidia ce ke riƙe mata waya. Saƙo ya shigo bayan an shafa fatiha.

"An ɗaura. Ƙafafuna rawa suke yi. Sannu, matata."

Ta sa Kadidia ta rubuta mata: "Sannu, mijina. Ka tsaya da kyau, mutane na kallo."

Da yamma, kafin a kai amarya, Malam Illiya ya sa aka kira masa su biyun zaure. Ya kama hannun Nomau ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ɗiya mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba. Kada ka sa ta daina. Ke kuma, in kin faɗa masa, ki ba shi lokaci, yana zuwa." Ya gyara rawaninsa. "Allah ya sa albarka a tsakaninku, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," suka ce a tare.

A waje mata suka ɗauki guɗa, motoci suka fara hon, aka fito da amarya.